Shin Dole Ne Sabar Ajiya Ta Shiga Domen?

Na gaji da jin wata magana a bakin masu kula da kwamfutocin ofisoshi a nan Katsina, wai kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, dole ne a haɗa ta da domen, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin ofis a ƙarƙashin kulawa guda, har da sabar da ake ajiye kwafin bayanai a cikinta. Hujjarsu tana da ma'ana, domin Active Directory, tsarin Microsoft da ke tafiyar da domen, yana ba da damar sarrafa asusu da kalmomin sirri daga wuri guda.

Sai dai wannan sauƙin shi ne haɗarin. Duk wanda ya sace kalmar sirrin shugaban domen ya sami iko a kan kowace na'ura da ke ciki, kuma masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa sukan fara da goge kwafin ajiya kafin su kulle sauran, don kada a sami abin da za a maido.

Misali, ofishi mai kwamfuta 30 da sabar ajiya, duk a domen ɗaya: kalmar sirri guda ta fita, komai ya tafi tare. Da an ware sabar, an ba ta asusunta da kalmar sirrinta daban, ko an buɗe mata domen nata, da sai ɓarawon ya sake fasa wata ƙofar kafin ya isa gare ta.