Kayan sojan laima a bayana

Kun dai san mun je Normandi, a ƙasar Faransa, a watan Yuni, lokacin bikin tunawa da dirar sojojin ƙawance ta 1944 don yaƙar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A garin Sainte-Mère-Église, inda har yau mutum-mutumin John Steele, sojan Amurka da laimarsa ta maƙale a nan lokacin dirar, ke reto a jikin hasumiyar coci, muka iske wasu Turawa da kayan sojan laima na da, suna bai wa mutane su gwada. Mutuminku na ɗakinmu ya ce ba zan iya ba. Ni da na tashi ina sauke buhun gero? Na ce a ɗora.

Laima a baya, ta ko-ta-kwana a ƙirji, jakar guzuri na dukan cinya, takunkumin gas, ɗan shebur, gorar ruwa, wuƙa a ƙwauri, har da igiyar saukowa daga bishiya. Baturen ya ce idan aka ƙara harsasai da gurneti da nakiya, nauyin kan haura kilo 40, shi ya sa sai an tura wasu sojojin suke iya hawa jirgin C-47. Sannan ya ɗaura mini jakar ƙafa, irin wadda iska ta fizge wa da yawansu tun suna sama. Su Allah ya raba su da ita. Tawa tana nan daram.

Ina ɗaga ƙafa, sai ga ni rigingine kamar kunkuru. Laimar ta tokare ni ta ƙasa, ta ƙirjin ta rufe mini fuska, sheburin yana soka na inda ba a faɗa. Na yunƙura dama, gora ta hana. Na yunƙura hagu, hular kwano ta gangara.

Mutumin naku fa? Maimakon ya miƙo hannu, sai ya zaro ƙwas-ƙwas, wani ɗan abin dannawa na tagulla da rundunar Amurka ta 101 ta riƙa gane juna da shi cikin duhu: ka danna ɗaya, naka ya amsa da biyu. Ya tsaya kaina ya danna. "Malam, amsa mana, ko Bajamushe ne?" Wata tsohuwa can gefe ta amsa masa da nata, ƙwas ƙwas, aka kwashe da dariya.

Kuma da kuɗina ya sayi abin nan, wai zai biya in an shiga wata. An shiga wata, an fita. Butata ma da ya ara tun azumi tana wurinsa, in na yi magana ya ce ai ɗaki ɗaya muke. Wanda ya gan shi ya ce ina cigiya, butar dai ko ba kuɗin.