Direban da ya ƙi zama wuri ɗaya

A gidanmu na Nima a Accra akwatin Wi-Fi biyu ne masu suna ɗaya, guda a falon Baba, guda a shagon yayana da ke bakin ƙofa. Ɗakina yana tsakiya, bangon bulo ta ko'ina. Kwamfutata mai Linux kuwa ta maƙale wa na falo kamar kaska, ko da na matso kusa da shago.

Da na bincika sai na gano manhajar iwd, mai haɗa Linux da Wi-Fi, ce ke ba direban katin Wi-Fi (ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin) wata lamba, ta ce masa in sigina ta yi ƙasa da wannan ya yi magana a nemi wani akwatin. Kuma kowane zangon Wi-Fi da tasa lambar: -70 ga 2.4 GHz, -76 ga 5 GHz. Na 2.4 yana ratsa bango, amma duk maƙwabta a kansa suke, cunkoso kamar mahaɗar Circle da yamma. Na 5 ba cunkoso, shi ya sa ake masa ƙarin haƙuri ko ya yi rauni.

Ni kuwa na ce wannan ai rashin adalci ne tsakanin kishiyoyi. Na buɗe main.conf, fayil ɗin saitin iwd, na sa wa kowacce -40. A lissafina 40 ba ta kai 70 ba, na sauƙaƙa masa ke nan.

Da daddare Kawu ya kira daga Jamus ta bidiyo, kan maganar kuɗin makarantata. Muka gaisa lafiya lau. Yana cewa "Zan turo maka Yuro..." sai hoto ya daskare, bakinsa a buɗe. Direba ya tafi yawon neman akwati. Ya dawo, Kawu ya ce, "Ka ji ko?" Na ce, "Kawu, a maimaita." Ya buɗe baki, ya sake daskarewa. Sau uku! A na huɗu ya ce da alama raina shi na yi, ya kashe.

Na fito tsakar gida ina ta zagin direba. Inna ta ɗago daga kan tukunyar waakye ta ce, "Wane direban? Ɗan trotron da ya gudu da canjina ranar Juma'a? Allah ya isa!"

Ƙanena ɗan JHS, wato ƙaramar sakandare, ne ya leƙa allon, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, da mai bashin sidi 40 da mai bashin sidi 70, wa ya fi arziki?" Ashe -40 sigina ce mai ƙarfin gaske, sai ka kusan hawa kan akwatin kafin ka same ta. Ke nan na umarci bawan Allah kada ya taɓa gamsuwa, duk bayan minti guda ya bar aiki ya fita leƙe-leƙe.

Na mayar da 5 GHz yadda na same shi, 2.4 na bar shi a -65. Yanzu komai na tafiya sumul. Kawu ne dai har yau bai ɗauki wayata ba, Inna kuma kullum sai ta tambaye ni ko an kama direban.