Filin Jingu na Tokyo: tsufa ne kawai laifinsa?

Wai don Allah me filin besbol na Jingu ya yi da har za a rushe shi? Tun 1926 yake tsaye a tsakiyar Tokyo, a nan Babe Ruth, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, ya buga wasa a 1934 lokacin da taurarin Amurka suka je Japan, kuma filayen da mutumin nan ya taka da suka rage a duniya 'yan ƙalilan ne. Gidan kulob ɗin Yakult Swallows ne, nan kuma manyan jami'o'in Tokyo shida suke gasarsu tun kaka da kakanni. Duk sanda Swallows suka ci maki sai ka ga magoya baya sun miƙe gaba ɗaya, kowa ya buɗe 'yar ƙaramar lemarsa yana ɗagawa sama yana saukewa ana waƙa, yaro da tsoho, ko ba a ruwa.

A Fabrairun 2023 gwamnatin Tokyo ƙarƙashin Gwamna Yuriko Koike ta amince da shirin sake fasalin unguwar Jingu Gaien, wanda kamfanin Mitsui Fudosan ke jagoranta tare da kamfanin Itochu da wurin ibada na Meiji Jingu, za a rushe filin besbol da na rugbi da ke maƙwabtaka da shi a musanya musu wuri, sannan a tayar da dogayen benaye masu kusan mita 190.

Maganar gaskiya masu shirin suna da tasu hujjar. Kujeru sun matse, hanyoyin ciki ƙunci, Japan kuma ƙasar girgizar ƙasa ce, ba wanda zai yi wasa da tsohon gini. Wurin ibadar da ya mallaki filin ma da kuɗin da ake samu a nan yake kula da dajinsa, to ba a ce kar ya nemi kuɗi ba.

Amma fa gyara daban rusau daban. Filin Koshien da ke kusa da Osaka ya girmi Jingu, na 1924 ne, daga 2007 zuwa 2010 aka bi shi lungu-lungu aka ƙarfafa shi a lokutan da ba a wasa, har ganyen da ke bin bangonsa sai da aka cire aka sake dasawa, ga shi nan 'yan sakandare na ta gasa a ciki. Filin besbol na Fenway da ke Boston a Amurka tun 1912 yake aiki. Ashe in an so ana iyawa, shi ya sa nake ganin ba tsufan filin ba ne matsalar, tsadar ƙasar da yake kai ce.

ICOMOS, mai ba UNESCO shawara kan kayan tarihi, ta yi gargaɗi a Satumban 2023, jama'a sun yi ta sa hannu a takardun koke. Abin da aka samu shi ne an ɗan rage itatuwan da za a sare, an ja sabon filin baya kaɗan daga sanannen layin bishiyoyin ginkgo na unguwar. A Oktoban 2024 aka fara sara, maganar rushe Jingu kuwa ko ƙwayar zarra ba ta canza ba.