Lambar da ke jikin kwali ba ita ce ƙarfin lasifika ba

Sau da yawa mutum zai shigo shago a Sabon Gari ta Kano, ko wakilin kwamitin masallaci ko mai kiɗan biki, ya ji farashin amfilifaya (na'urar da ke ba lasifika ƙarfi) mai wat 300 sai ya ɓata rai. Ai jiya ya ga wata an rubuta mata wat 5,000, kuma kuɗinta bai kai rabin wannan ba. A ganinsa mai shago ne ke son cutar sa.

Ba haka ba ne. Babbar lambar nan yawanci PMPO ce, wato ƙarar da na'ura za ta iya fitarwa na ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa ta. Lambar da ake dogara da ita ita ce RMS, ƙarfin da na'ura za ta riƙe tun daga huɗuba har a sallame ba ta ƙone ba. Ga kuma dala: kayan nan daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a Yunin 2023, farashin da mai saye ya sani a da ya tafi.

Ni dai ina ganin gardama ba ta da amfani a nan. Kai mai shago, ka ce masa, "Alhaji, ɗaga wannan, ka ɗaga waccan." Nauyin taransifomar da ke cikinta zai ji a hannunsa. Sannan a kunna duka biyun, a ƙure murya, ya ji wadda ta fara kakari. In kuɗinsa ba su kai ba, a tambaye shi girman wurin. Ƙaramin masallacin unguwa ba ya buƙatar kayan filin Idi.