Abin da asibiti ya koya wa Nawal El Saadawi

Da zarar an ambaci sunan Nawal El Saadawi, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu za su tuna kalamanta kan addini, waɗanda suka sa a 2001 wani lauya a Alƙahira ya nemi kotu ta raba aurenta da mijinta Sherif Hetata bisa zargin ridda, kotun kuma ta yi watsi da ƙarar. Wasu za su tuna marubuciyar da ta tsaya wa mata tsayin daka. Ni dai ban yarda da yawancin abin da ta faɗa kan addini ba, kuma ba na ɓoye hakan. Sai dai ina ganin a cikin wannan cece-kuce ana mantawa da aikinta na likitar ƙwaƙwalwa, alhali daga nan littattafanta suka samo nauyinsu.

An haife ta a 1931 a ƙauyen Kafr Tahla da ke Masar. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Alƙahira a 1955, ta yi aiki a karkara, inda ta ga illar kaciyar mata da idonta, abin da ita ma aka yi mata tana shekara shida. Ta kai muƙamin darakta a ma'aikatar lafiya kafin a sallame ta a 1972, saboda littafin da ta rubuta kan mace da jima'i.

Bayan korar ce ta shiga bincike a Jami'ar Ain Shams kan ciwon damuwa a tsakanin mata. Binciken ya kai ta gidan yarin mata na Qanatir, inda ta ji labarin wata fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa saboda ta kashe kawalinta. Matar ta ƙi ganin kowa, ta kuma ƙi sa hannu a takardar neman afuwa. Nawal ta yi ta naci har matar ta amince ta yi magana. Daga wannan zama aka samu Firdaus ta littafin Woman at Point Zero: yarinyar da kawunta ya ci amanarta, aka aurar da ita ga tsoho mai dukanta, ta gudu, titi ya karɓe ta. Kusan duk littafin muryar Firdaus ce, likitar kuwa tana zaune a ƙasan ɗakin kurkuku tana saurare. Wannan iya kame baki a bar mai ciwo ya amayar da abin da ke cikinsa, a asibiti ake koyonsa. Ikon Allah, a 1981 gwamnatin Anwar Sadat ta kulle Nawal a wannan gidan yarin, ta riƙa rubutu da jagira a kan takardar banɗaki.

Masu sukarta na cewa maza a labaranta kusan duk azzalumai ne. Suna da gaskiya, kuma rauni ne a rubutunta, domin duniya ba haka take ba. Amma wanda ke zuwa wurin likita ai mai ciwo ne, ita kuma abin da ya zo gabanta ta rubuta. Abin da ta gano shi ne, sau da yawa ciwon da ke kan mace daga cikin gida ya faro.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A nan Arewa, idan amarya ta daina barci, ta daina cin abinci, ta koma kuka ba dalili, sai a ce iska ce, ko a ce ta yi haƙuri, haka aure yake. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, babu mai musu. To amma kafin a kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Kware ko Barnawa, wa ya zaunar da ita ya ce "'yar nan, me ke damunki?", ya kuma jira amsa? Marubuta mata na Kano sun daɗe suna fito da irin waɗannan labarai na auren dole da kishi da saki, ana raina su ana kiransu littattafan soyayya kawai.

Nawal ta rasu a Alƙahira ranar 21 ga Maris 2021, tana da shekara 89. Ina so a samu wanda zai fassara labarin Firdaus zuwa Hausa, a kuma sa ɗaliban likitanci da na jinya su karanta shi kafin su fara duba marasa lafiya.