Ba kowane ciwon gaɓa ba ne sanyi

Wallahi kalmar "sanyi" ta cuce mu a Kaduna. Gwiwa ta kumbura, sanyi ne. Yatsu sun ƙage, sanyi ne. Daga nan sai kemis, a ƙullo maka haɗi a leda.

Goggona da ke Tudun Wada shekara biyu ta yi a kan wannan hanya. Da asuba yatsunta ba sa lanƙwasuwa, butar alwala ma sai an riƙe mata, ba sa saki sai hantsi ya dubi ludayi. Gwiwar kuwa in ka dafa, zafi rau kamar goshin mai zazzaɓi. An yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙe, haɗin kemis kuma kullum. Tana sha sai ta ji garau, har kumatu suka ciko, 'yan dubiya na cewa, "Goggo, kin yi ƙiba, sauƙi ya samu." Ashe akwai prednisolone a ciki, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, shi ya kumbura fuskar, ya kuma tayar mata da suga. Diclofenac ɗin da ke tare da shi kuwa, wato maganin kashe zafin ciwo, yana cin ciki, yana taɓa ƙoda.

Sai da muka kai ta asibitin koyarwa na Shika a Zariya likita ya warware mana. Cikin gaɓa akwai wata siririyar fata da ta shimfiɗe ta, ita ke fitar da ruwa mai yauƙi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Idan ta kumbura, sai ta yi kauri, ruwa ya taru. Na Goggo, garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar fatar, kuma irin wannan ya fi kama mata. Na wani gishirin yurik asid ne ya taru, na wani buguwa, na wani ƙwayar cuta, har da ta tarin fuka. To ta yaya leda guda za ta yi maganin duka?

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na ƙwayar cuta. Gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafa, mu kuma mu nufi mai ɗori. Ƙwayar cutar kuwa cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi.

Yanzu Goggo na shan methotrexate, maganin da ke rage kaifin garkuwar jiki, sau ɗaya a mako, tana riƙe butarta da kanta. Amma yatsu biyu na hannun dama sun riga sun karkace, likita ya ce ba za su miƙe ba.