Gishirin titi da ruwan rijiya

Wallahi labarin yadda gishirin titi ke shiga ruwan rijiya ya taɓa ni. Su can Amurka da Kanada gishiri suke barbaɗawa a kan titi don dusar ƙanƙara ta narke, Amurka kaɗai tana zuba sama da tan miliyan 15 duk shekara, to in ta narke ina gishirin zai je? Ƙasa yake shigewa ya sami ruwan rijiyoyi, kuma shi ba ya ruɓewa, ko an daina zubawa yau sai ya ɗau shekaru a ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masana suke sa kwamfuta, da manhaja irin MODFLOW, ta lissafa inda ruwan ƙasa ke bi da lokacin da gishirin zai iso rijiyar mutane tun kafin ya iso.

Mu a Jos duk sanyinmu ba ma zuba gishiri a titi, amma fa ga kududdufan kuza birjik, ga masai dab da rijiya, kowa na haƙa bohol yadda ya ga dama. Don Allah malamanmu na Jami'ar Jos a yi mana irin lissafin nan unguwa-unguwa, ruwan nan yaranmu ke sha.